Daga Ma'ajiyar Sinadarai Zuwa Bakin Tafki: Yadda Muke Shirya Darasin Gwaji

Darasin gwaji na minti 80 yakan ci mana kusan mako guda na shiri, kuma yawancin abin da zai kare ɗalibi an gama shi tun bai taka ƙofar ɗakin ba. Ajin da muke shirya wa ɗalibai 40 ne, muna zaunar da su bibbiyu, tebur 20 ke nan. Aikin da ke gabansu uku ne: auna asid da alkali, gwajin sitaci a ganye, sai fita bakin tafki don duba halittun ruwa.

Abu na farko takarda ce, shafi ɗaya tal. A kanta muke rubuta kowane sinadari da hannu zai taɓa, ƙarfinsa, yawan da kowane tebur zai samu, abin da zai iya ɓaci, da abin da za a yi a minti na farko idan ya ɓaci. Ba da ka muke cika ta ba. Kowane sinadari yana da takardar bayanin haɗari mai sashe 16: na 4 taimakon gaggawa ne, na 7 riƙo da ajiya, na 8 kayan kariya, na 10 abubuwan da bai kamata ya haɗu da su ba, na 13 yadda ake zubar da shi. A jikin kwalba kuma akwai alamomin tsarin bai-ɗaya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara bugawa a 2003: hotuna tara, kowanne cikin jan murabba'i da ke tsaye kan kusurwarsa. Harshen wuta na nufin mai kamawa ne, hoton ruwa yana ɗiga yana cin hannu da ƙarfe na nufin mai ƙuna ne, ƙoƙon kai da ƙasusuwa guba ce mai saurin kisa.

Tambayar da ta fi kowace amfani a wannan takarda ita ce: ba za a iya yin wannan aiki da abin da bai kai haka ƙarfi ba? Sodiyom haidiroksaid, wato kostik soda, da zarar ya kai mola 0.5 (mola ma'aunin ƙarfin sinadari ne a cikin ruwa), kimanin kashi 2 cikin ɗari, ya shiga sahun masu ƙona fata da ido. A mola 0.1 kuwa yaro zai koyi karatun buret, wato dogon bututun gilashi mai layukan awo da famfo a ƙasa, ya ga launi ya juya, ya yi lissafinsa cif, babu abin da ya ragu a darasin. Don haka 0.1 muke haɗawa. Malamin da ya ba yara mola 2 don launi ya fi saurin juyawa ya ƙara haɗari ne kawai.

Kwana biyu kafin darasi muke haɗa ruwan, babu ɗalibi ko ɗaya a wurin. Kowane tebur na buƙatar kamar mililita 150 na asid da 100 na alkali, mu ƙara na ɓari da na ɗauraya, sai mu haɗa lita 4 na haidirokulorik asid da lita 3 na kostik. Kwalbar asid ɗin tana ɗauke da lambobi biyu: kashi 36 cikin ɗari, da nauyin giram 1.18 a kowace mililita. A ninka 36 da 1.18 da 10, a raba da 36.5, wato nauyin ƙwayar wannan asid a lissafin sinadarai, a samu mola 11.6. Ke nan mililita 8.6 ke ba da lita guda ta mola 0.1, lita huɗu kuma mililita 34 da ɗan ɗori. Wannan ɗan abin shi ne duk asid mai ƙarfin da aji guda ke buƙata, saboda haka babbar kwalbar ba ta da abin da zai kai ta ɗakin da yara suke.

Ana ɗauko ta da hannu biyu, ɗaya a wuya ɗaya a gindi, ko a saka ta cikin bokitin roba. Tabarau na kariya a ido, safar hannu ta naitiril, rigar aiki a ɓalle har wuya. A cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake buɗe ta. Inda babu shi, a bakin taga a buɗe, iska tana fita ba tana dawowa fuska ba. Da an murɗe murfin za a ga wani farin hayaƙi yana tashi a bakin kwalbar, iskar asid ce ta gamu da danshi, kuma shaƙa ɗaya ta isa ta sa tari. Wajen tsiyayawa, takardar sunan kwalbar ta kalli tafin hannu, don ɗigon da zai gangaro kada ya cinye rubutun. Idan muka tarar da farar ƙura ta lulluɓe kwalabe a ma'ajiya, mun san an ajiye wannan asid kusa da amoniya, tururinsu ya haɗu a iska, sai mu raba su.

Ruwa ne ke fara shiga mazubi, kamar kashi biyu cikin uku, sannan a zuba asid a hankali ana motsawa, a ƙarshe a cike da ruwa zuwa layi. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. An fi ganin dalilin a salfurik asid, wanda aka fi sani da ruwan batir idan an surka shi. Mai ƙarfinsa kashi 98 ne cikin ɗari, nauyinsa giram 1.84 a mililita, kusan ninki biyu na ruwa, kuma haɗuwarsu tana fitar da zafi mai yawa. Idan ruwa aka zuba a kansa, ruwan zai tsaya a sama, duk zafin ya taru a wannan ɗan siririn wuri, ya tafasa nan take ya fantsamo asid a fuska. Idan asid ne ya shiga ruwa mai yawa, sai ya nutse, zafin ya bazu. Lita guda ta mola 1 tana cin mililita 54 zuwa 55, kuma ko ita sai an tsoma bikar, wato kofin gilashin da ake haɗin, cikin ruwan sanyi ana zubawa kaɗan-kaɗan.

Kostik giram 4 ne a lita, giram 12 ke nan gaba ɗaya. Ƙwayoyinsa farare ne, a ido ba su da wani abin tsoro, amma a bar su minti biyu a kan ma'auni za a ga sun fara sheƙi suna jiƙewa, danshin iska suke sha. Da cokalin awo ake ɗiba, a rufe gwangwanin nan da nan. Ƙwaya ɗaya da ta faɗi a tebur ba a gani ba, kafin gobe ta zama ɗigon ruwa mai ƙuna, wani ya zo ya ɗora gwiwar hannu. Shi ma narkewarsa tana fitar da zafi, don haka shi ake zubawa cikin ruwa. Jarkar roba muke zuba shi, domin a kwalba mai murfin gilashi yakan like murfin har sai an fasa. Kowane mazubi sai ya samu suna, ƙarfi, ranar haɗi, da sunan wanda ya haɗa. Gorar ruwan sha ko ta lemo ba ta shiga wannan ɗaki da sunan mazubi, ko da an rubuta mata suna da manyan baƙaƙe.

Daga nan sai mu yi gwajin da kanmu, da kayan da yaran za su riƙe, daga farko har ƙarshe. A nan ake gano buret mai yoyo da famfonsa, da fifet, siririn bututun gilashi na ɗibar ruwa daidai awo, mai tsagaggen baki.

Ana gobe darasi muke zagaya ɗakin. Kowace bika da bututun gwaji sai an ɗaga su a haske. Wata 'yar tsaga mai kama da tauraro a gindin bika ita ce ke buɗewa idan ta ji wuta. Robar gas muna lanƙwasa ta mu ga ko ta fara tsattsagewa, mahaɗarta kuma mu shafa mata ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a neman yoyon gas da ashana. Gas na tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya taru a ƙarƙashin tebura da magudana, shi ya sa idan an ji warinsa ake rufe babban makunni, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da kowa, kuma kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kashewa ne. Muna duba tukunyar kashe gobara, bargon kashe wuta, bokitin busasshen yashi, da akwatin taimakon gaggawa. Sai babban abu, ruwa.

Wanke ido yana buƙatar ruwa mai gudu a hankali na aƙalla minti 15, mu 20 muke ɗauka, kuma ya zama ana iya kai wa gare shi cikin daƙiƙa 10 daga kowane tebur, ba kujera ba jaka a hanya. A gudun lita ɗaya da rabi a minti, minti 20 lita 30 ne. Ƙaramar kwalbar wanke ido ta rabin lita ba ta wuce fara aiki ba. Guntun tiyo mai tsabta da aka maƙala a bakin famfo ya wadatar, muddin ana sakin ruwansa duk mako don kada datti ya kwanta. Inda famfo ba abin dogaro ba ne, jarkoki biyu masu famfo a cike a kan tebur. Idan ranar ta zo babu ruwa, babu gwaji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ranar darasi a bakin ƙofa ake fara aiki. Jakunkuna a waje ko a wuri guda can gefe. Takalmi rufaffe. Gashi a ɗaure, duk wani abu mai lilo a jiki, mayafi ne, faffaɗan hannun riga ne, igiyar wuya ce, a cusa shi cikin rigar aiki. Rigar ta auduga ta fi, domin nailan idan ya kama wuta narkewa yake ya manne da fata. Ba ci, ba sha, ba tauna bayan biro. Gilashin ƙara gani ba ya maye gurbin tabarau na kariya, gefensa da samansa a buɗe suke, a kansa ake ɗora na kariyar. A tsaye ake aiki, kujeru a tura ƙarƙashin tebur, saboda wanda ke zaune idan abu ya zube cinyarsa ce ke tarewa, na tsaye kuwa taku ɗaya zai ja da baya.

Dokokin da muke faɗa kafin a fara ba su wuce biyar ba, kuma na aikin ranar ne. Doguwar lacca ta doka talatin, kafin a kai ta goma an manta ta farko. Ɗaya dai ba ta canzawa: duk abin da ya zube ko ya fashe, a faɗa nan take, ba a dukan kowa, ba a cin tarar kowa. Yaron da ke tsoron biyan kuɗin bika shi ne zai tattara gilashin da hannu ya cusa a aljihu.

Asid ne ke shiga buret, alkali a cikin tulun da ke ƙasa, domin alkali yana sa famfon gilashi ya ƙage. Wurin cika buret ne idanu suka fi shiga haɗari: tsayinsa ya haura rabin mita, an kafa shi a kan tebur, sai ka ga yarinya ta yi ɗage, ta ɗaga bika sama da kanta tana zubawa cikin mazurari, fuskarta daidai ƙarƙashi. Muna sa su sauke maƙalin a kan kujera ko ƙasa har bakin buret ya dawo ƙasa da ido, su tabbata famfo a rufe yake, su ɗan ɗaga mazurarin don iska ta samu hanyar fita. In ba a ɗaga ba, ruwan ya tsaya, ya cika mazurari, ya malalo ta waje zuwa hannu.

Fifet ba a zuƙarsa da baki, ko ruwan famfo ne a ciki, don hannu da baki abin da suka saba suke yi. Robar zuƙa ake sa masa, kuma wajen sa ta ne ake yankewa. Ɗalibi ya riƙe fifet a tsakiya, ya danna da ƙarfi, gilashin ya karye, tsinin ya shige tafin hannu. Riƙon yana can sama, yatsu kamar santimita biyu daga inda zai shiga robar, a murɗa a hankali. Haka ma cusa bututun gilashi cikin toshiyar roba: a jiƙa shi da ruwa ko gilisarin, a naɗe da tsumma, a riƙe kusa da baki. Wannan ma mu muke yi musu tun kafin darasi.

Muna biyu a ɗakin, ɗaya yana zagayawa, ɗaya yana tsaye inda yake ganin kowa. Abin da na tsayen ya fi faɗa shi ne, “Kai, mayar da tabarau ɗinka ido.” Minti goma da farawa tabarau ya yi gumi, sai a tura shi goshi. Wanke shi da ɗan ruwan sabulu a bar shi ya bushe yana rage hazon, amma ba ya hana sai an yi ta magana.

Idan asid ya zube a tebur, a wannan ƙarfin tsumma da ruwa mai yawa sun isa. Mai ƙarfi kuwa yashi ake zagaye shi da shi, a barbaɗa sodiyom baikabonet daga gefe zuwa tsakiya har kumfa ta daina tashi, a kwashe da abin kwasar shara na roba. Alkali kuma sitirik asid ake sa masa. Wannan na tebur da daɓe ne kaɗai. A jikin mutum ba a kashe asid da alkali ko alkali da asid, ruwa ne kawai, a cire rigar da ta jiƙe, agogo da zobe. Kostik mayaudari ne: asid yana zafi nan da nan, shi kuwa santsi ake fara ji a yatsu kamar sabulu, kuma wannan santsin kitsen fata ne ya fara narkewa. A ido ya fi asid ɓarna, domin asid yakan daskarar da saman ido ya rage wa kansa hanya, alkali kuwa ratsawa yake yi yana ci gaba. Wanda abu ya shiga idonsa runtsewa zai yi da ƙarfi, ba zai iya buɗewa da kansa ba. Mutum ɗaya ya riƙe fatar idon a buɗe, ɗaya ya saki ruwa daga gefen hanci zuwa waje, kan a karkace ta yadda idon da ya samu matsala ne a ƙasa, kada wankin ya gangara cikin mai lafiya. Wani ya duba agogo, don minti 20 a irin wannan hali yana da tsawo, kuma kowa zai ce ai ya isa tun a minti na uku. Bayan nan asibiti, tare da sunan sinadarin da ƙarfinsa a rubuce, in alkali ne a ci gaba da wanki a hanya.

A abin da muka gani, minti goman ƙarshe sun fi sauran rikici. An samu amsa, hankali ya tafi, an cire tabarau, ana turereniya a wurin wanki, wani ya sake famfo da ƙarfi cikin tulu ruwan ya fantsamo. Saboda haka muna tsayar da aiki saura minti 15, tebur biyar-biyar ke zuwa wanki, tabarau kuma ba ya sauka sai an share tebur na ƙarshe. Asid da alkali marasa ƙarfi suna bin magudana da ruwa mai yawa. Gishirin dalma, na tagulla da na azurfa ana tara su a jarka ta daban mai suna. Fasasshen gilashi da tsintsiya da abin kwasa, zuwa kwali na musamman, don mai share ɗaki ma hannu gare shi. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya fita.

Gwajin sitaci a ganye yana da sauƙi a takarda, amma shi ne ke haɗa wuta da etanol a tebur guda. Ana tsoma ganye a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya, a dafa shi cikin etanol don koren ya fita, a ɗauraye, a ɗiga aidin. Etanol yana tafasa a digiri 78, tururinsa kuma yana iya kamawa tun daga wajen digiri 13, wato a kowane ɗaki a shirye yake. Tunda ruwan da ya tafasa ya fi 78 zafi, ba a buƙatar wuta ko kaɗan: a tafasa ruwa, a kashe duk murhun da ke ɗakin, a rufe babban makunnin gas, sannan a fito da etanol, mililita 10 a bututun gwaji ga kowane tebur, a tsoma bututun cikin bikar ruwan zafi. Zai tafasa da kansa. Inda akwai butar lantarki ma ba ma kunna murhu sam.

Wutar etanol da ta metanol da ƙyar ake ganinsu da rana. Mutum ya ɗauka ta mutu, ya ɗauko babbar kwalba ya ƙara, wutar ta bi tururin ta shige kwalbar, ta feso kamar bakin tiyo zuwa inda bakin kwalbar ke kallo, galibi wajen 'yan kallo. A 2014 hukumar binciken haɗuran sinadarai ta Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman bayan gobara uku irin wannan cikin kusan mako takwas, duka da metanol, duka a wajen nuna wa yara gwaji. Idan bututu ya kama, a rufe bakinsa da abin da ba ya ci, wutar ta mutu don rashin iska. Idan riga ce, kada a yi gudu: a tsaya, a kwanta, a yi birgima, a lulluɓa bargo. Ƙuna kuma ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara, ba man shafawa, ba a fasa bororo.

Ranar da ake amfani da murhun Bunsen, ɗan murhun gas na ɗakin gwaji, a rufe ramin iskarsa kafin a kunna, a kyasta ashana kafin a saki gas. Shuɗiyar wuta ita ce ta aiki, tana kai wa wajen digiri 1,500 kuma ba a cika ganinta ba, don haka in ba a dafa komai a mayar da ita rawaya. Bututun gwaji kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, a karkace, ana motsa shi, bakinsa ba ya kallon kowa. Gilashi mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya, a kusanto da bayan hannu tukuna. Idan ana tara iskar gas ta cikin ruwa, a fara zare bututun daga ruwan kafin a janye wuta, in ba haka ba ruwan sanyi ya tsotsu ya koma cikin gilashi mai zafi ya fasa shi.

Akwai ƙanana da ba ma barin su wuce. Bilic, ruwan faranta tufafi, ba a haɗa shi da asid, ko a magudana, iskar kulorin suke fitarwa. Ma'aunin zafi mai zaiba in ya fashe ba a share shi da tsintsiya. A fitar da yara, a buɗe tagogi, a tattara ƙwayoyin da kati, a rufe a kwalba, kuma gara a sauya su duka da masu jan ruwa. Faifan renon ƙwayoyin cuta ana like murfinsa da salatif guntu biyu zuwa huɗu, ba a zagaye shi ruf, ba a ajiye shi sama da digiri 25 don kada a reni masu son zafin jikin mutum, ba a sake buɗe shi, kuma kafin a zubar sai ya yi minti 15 a tukunyar matsin tururi a digiri 121.

Fita fili kuwa, a can ba mu da bango ba mu da famfo, sai abin da muka ɗauka. Mako guda kafin ranar, biyu daga cikinmu suna zuwa wurin a daidai lokacin da za a kai yara. Muna taka gaɓar da sanda mu ji inda take zaftarewa, mu auna zurfin bakin ruwa, mu ga inda inuwa take, inda mota za ta iya tsayawa, ko waya tana samun sabis, da asibiti mafi kusa da ke da maganin dafin maciji, domin ba kowane ke ajiye shi ba. Muna neman izinin mai wurin. Iyaye suna cika takarda: asma, farfaɗiya, sikila, ko jikin da ke kumbura idan zuma ta harba. Mai asma da abin shaƙarsa a aljihunsa, ba a jakar da aka bari a mota ba. Babba ɗaya ga yara goma muke yi, a bakin ruwa mu fi son ƙasa da haka, kowane babba da sunayen nasa a rubuce.

Babu mai shiga ruwa. Ba nutsewa kaɗai ake gudu ba. A yankuna masu zafi, ruwa mai kwanciya da ciyayi gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ne. Tsutsotsinta da ido ba ya gani suna fita daga jikinsa, sun fi yawa da tsakar rana, kuma cikin 'yan mintuna suke huda lafiyayyar fata. Fitsarin ɓera da na dabbobi a ruwa yana ɗauke da wata cutar da ke shiga ta rauni, ido ko baki. Don haka raga mai dogon mariƙi ake miƙawa daga gaɓa, a juye cikin farin faranti mai ɗan ruwa, a duba da cokalin roba da gilashin ƙara girma. Safar hannu, takalmin roba mai tsawo, duk wani ƙurji ko yanka a rufe da filasta marar shan ruwa. Mai raga durƙusawa yake, abokinsa na bayansa. A gefe muna ajiye igiya mai kamar mita 15 da aka ɗaura wa jarka marar komai a rufe: in wani ya faɗa, jifa ake yi ko a miƙa sanda, ba a bin sa ciki. A rafi kuma, ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba, kuma ruwan sama da aka yi can nesa yana iya cika shi alhali a nan rana ake.

A cikin ciyawa dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa saboda kaska. Ba a zura hannu a rami, ko kogon itace, ko ƙarƙashin dutse. In za a ɗaga dutse, a ɗaga gefen da ke nesa da kai ta yadda dutsen zai tsaya tsakaninka da abin da ke ƙasa, a mayar da shi yadda yake. Ba a ɗanɗana ganye ko 'ya'yan itace, mai farin ruwa kamar madara kuma a kiyaye ido da shi. Idan maciji ya sari wani, a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe, agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar katako don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Ba a ɗaure da igiya tamau, ba a tsaga, ba a tsotsa, ba a bin macijin. A rubuta lokacin saran, a tafi. In mai tofi ne ya fesa a ido, wankin nan na ɗakin gwaji shi ne maganin farko, shi ya sa jarkar ruwa mai tsabta ta daban take cikin kayanmu.

Da safe muke fita, kowa da hula da ruwan sha kamar lita biyu, ana hutawa a inuwa duk bayan minti 40 ko makamancin haka. Ciwon kai da jiri alamar a zauna a sha ruwa ce. Wanda ya fara sambatu ko rikicewa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti. Hadari kuma ƙirga ake yi: ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya cikin kusan daƙiƙa uku, in tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, abin yana cikin kilomita 10. A bar bakin ruwa, a shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, ba gindin bishiya ba, sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe.

Usur ɗaya, a tsaya. Uku, a taru a inda aka nuna tun isowa. Ana kiran suna kafin a tashi, da isa, duk sauyin wuri, da kafin mota ta motsa, kuma suna ake kira a ga fuska, domin ƙirga kawuna yana iya ba da 40 alhali an ƙirga wani sau biyu. Halittun da aka kama suna komawa ruwansu a inda aka ɗebo su. Ɗan abin da za a adana yana shiga etanol mai kashi 70 cikin ɗari a kwalba mai suna, mun daina ba yara fomalin, ɗayan sinadarin adanawa. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, a duba bayan gwiwa, ƙugu da bayan kunne ko kaska ta maƙale. In ta maƙale, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, ba a murɗawa, ba a ƙona ta.

Kowane yaro yana komawa gida da 'yar takarda mai ranar fita da irin ruwan da aka je, da cewa in zazzaɓi, ƙaiƙayin fata ko jini a fitsari ya biyo baya, ko bayan makonni ne, a nuna wa likita ita. Mu kuma washegari muna ɗauko shafin nan na farko mu rubuta a bayansa abin da ya kusa faruwa: buret na tebur na bakwai yana yoyo, robar zuƙa uku sun saki, gaɓar gabas ta fi yadda muka zata santsi, a kawo ƙarin tabarau biyar.